Fatena bai kai na surukata ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana Bazazzagi ne, ɗan cikin birni. Da an yi ruwan yamma sai ya ce faten tsaki yake marmari. Yana cin nawa, amma kullum sai ya ce bai kai na marigayiya mahaifiyarsa ba. A ina nake kuskure?
Daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Abincin da mutum ya tashi da shi ƙamshinsa ne ke zama a rai, don hanci na da kusanci da sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye tunanin baya. Da ya ji tururin yakuwa da daddawa, tsakar gidansu yake gani, da Hajiya riƙe da ludayi. Kewa ce ke magana. Amma girkin ma yana da wuraren gyara.

Ga kofi 2 na tsakin masara, ki tanadi ruwa kofi 8 zuwa 10. Ki wanke tsakin, ki tsiyaye dusar da ta taso, ki rege shi saboda tsakuwa. Ki tafasa ruwan da jajjagen tattasai, attaruhu da albasa, da manja, da dakakkiyar gyaɗa rabin kofi. Daddawar kalwa ki daka ta ta shiga tun farko. A nan yawancin matan yanzu ke faɗuwa, sun bar wa dunƙule aikin, alhali ba ya ba da wannan ƙamshin. In da wake, ya fara nuna tukuna.

Ki riƙa zuba tsakin kaɗan-kaɗan kina juyawa, in ba haka ba ya yi gudaji. Rage wuta, ki ba shi kamar minti 25, kina kai muciya har gindin tukunya, don da ya kama ƙauri ya shiga ko'ina.

Yakuwa sai tsaki ya nuna. In ta riga shi shiga, tsaminta kan hana shi da waken yin laushi. Alayyahu, gauta da lawashi minti 5 ya ishe su. Ki sauke da sauran ruwa-ruwansa, yana hucewa zai yi kauri.

Sannan ki je wurin ƙanwar Hajiya ko babbar 'yarta, ki tambaya: rama take sawa ko yakuwa zalla? A icce take dafawa? Hayaƙin icce na da ɗanɗanonsa da gas ba ya bayarwa.