Amsoshin Tambayoyi: Ɗaukar hoton faifan kwamfuta, me za a saya, da me za a yi aikin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da katunan biki a Zariya. Watan jiya Windows ta ƙi tashi, mai gyara ya yi mata fomatin. Fayilolina ba su salwanta ba domin ina kwafe su a filashi, amma sai da shago ya yi kwana biyu ba aiki ina faman neman manhajar firinta da CorelDRAW da nau'o'in rubutun da nake tsara kati da su. Mai gyaran ya ce da ina da "imej" da cikin awa guda an gama. Mene ne shi, kuma me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya mai gyaranka ya faɗa maka. Kwafe fayiloli a filashi yana tsirar da abin da idonka ke gani ne kawai: takardu, hotuna, aikin kwastomomi. Hoton faifai kuwa, wato "imej" ɗin da ya ambata, yana ɗauke komai dungurungum, da ita Windows ɗin, da manhajojin da ka ɗora, da saitinsu, da direban firinta, har da wani ɗan ƙaramin ɓangare ɓoyayye da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta, wanda in babu shi ba za ta tashi ba ko da sauran komai na nan. Ranar da ta lalace sai a juye hoton a kan faifan, ta dawo yadda take a ranar da aka ɗauke shi, ko hoton fuskar allo bai canza ba.

Abu biyu za ka saya: faifan ajiya na waje mai jonawa ta USB, da ƙaramin filashi mai gigabait 8. Filashin nan mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ne mabuɗin aikin. Idan Windows ta mutu, da me za ka kunna kwamfutar har ka kai ga hoton? A kan filashin ake ɗora manhajar ceto, kwamfutar ta tashi daga kansa ba tare da ta nemi Windows ba.

Manhajar da nake ba irinka shawara ita ce Rescuezilla. Kyauta ce, tana da allo mai maɓallan da ake latsawa da linzami, mataki-mataki. Akwai yayarta, Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka gina a wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan. Ta fi daɗewa, masu gyara sun amince da ita, amma rubutu ne zalla da tambayoyi barkatai masu rikita wanda bai saba ba. Daɗin abin, hoton da ɗaya ta ɗauka ɗayar tana iya dawo da shi, don haka ko mai gyaranka Clonezilla ya iya, aikinka bai tashi a banza ba. Za ka ji wasu suna ambaton Macrium Reflect. Manhaja ce mai kyau, sai dai kamfanin ya janye nau'in kyautar, ya daina yi masa gyaran tsaro tun farkon 2024. In ba na kuɗin za ka saya ba, kada ka gina amanarka a kai. Windows ma tana da tata a Control Panel, ƙarƙashin Backup and Restore mai ɗauke da sunan Windows 7. Tana aiki har yanzu, amma tun 2017 Microsoft da kanta ta ce ta daina inganta ta, a nemi ta wasu. Ni ba na ajiye arzikin shago a hannun abin da mai shi ya saki.

Yadda za ka yi: ka ɗora Rescuezilla a filashin da manhajar balenaEtcher ko Ventoy. Ka danne Shift yayin da kake kashe Windows domin ta mutu sarai, ba barcin zomo ba. Ka jona filashin da faifan wajen, ka kunna kana taɓa F9 in HP ce, F12 in Dell ce, ka zaɓi filashin. A nan ne nake roƙonka ka natsu. Manhajar ba ta san C ko D ba. Sunayen faifai da za ka gani su ne irin sda, sdb ko nvme0n1. Ka duba girman kowane faifai da sunan kamfaninsa kafin ka latsa komai, musamman ranar dawo da hoto, domin dawowa tana shafe duk abin da ke kan faifan da ka nuna mata, ba ta tambayar ko shi kake nufi a zuciyarka.

Ka ɗauki hoton yanzu, tun kwamfutar na sabuwar wanka. Hoton da aka ɗauka bayan ƙwayar cuta ta shiga, da cutarsa zai dawo. Wannan na farkon ka sa masa kwanan wata ka bar shi kada ka goge. Na biyu kana sabunta shi duk wata ko duk lokacin da ka ɗora sabuwar manhaja. Filashin da kake kwafe aikin kwastomomi kuma kada ka daina, domin hoton watan jiya bai san katin da ka tsara shekaranjiya ba. Kuma a yi aikin da wuta tsayayya, kan inbata ko UPS. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, hoton bai da amfani, sai an sake daga farko.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran muhimmanci a wurina: ka gwada. Ka ari tsohon faifai wurin mai gyaranka, girmansa ya kai naka ko ya fi, a cire naka a sa shi, a juye hoton, a kunna, ka buɗe CorelDRAW ka buga takarda ɗaya. Sai ka ga ta fito daga firinta sannan ka ce kana da ajiya. Mutane da yawa sai ranar tsautsayi suke gano filashin cetonsu ba ya tashi a kwamfutarsu, ko hoton ya lalace tun ranar ɗauka.

Tambaya: Na ga filashi mai terabait 1 a kasuwa da araha ƙwarai, bai kai rabin kuɗin faifan waje ba. In saya in riƙa ajiye hoton kwamfutata a ciki?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, rufa wa kanka asiri. Irin waɗannan galibi jabu ne: an yi wa ƙwaƙwalwarsu dabara tana nuna terabait 1, alhali abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Za ka ga sunayen fayiloli lafiya lau, amma da ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Hoton faifai kuwa wuri kaɗan ya lalace, duka na iya tafiya. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika filashi da bayanai ta sake karanta su ta faɗi girmansa na gaskiya. Mai kaya da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Sayi faifan waje mai juyawa na Seagate, Western Digital ko Toshiba, wanda girmansa ya ninka abin da ke cikin kwamfutarka sau biyu ko uku, don ya ɗauki hoto fiye da ɗaya. Kada hankalinka ya tashi in ka ga Windows ta nuna gigabait 931 a maimakon 1000 a faifai mai terabait 1. Bambancin lissafi ne, ba ha'inci ba. In na hannu za ka saya, a buɗe maka CrystalDiskInfo a gabanka. Tana nuna awoyin da faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa: shuɗi lafiya, rawaya ka ajiye masa kayansa. SSD na waje, wato faifan da ba ya juyawa, ya fi sauri kuma ya fi jure faɗuwa, ya dace da mai yawo da jaka a kan babur, amma don ajiya a durowa tsadarsa ba ta zama dole ba. Ka nemi mai USB 3.0, ka jona a kafar da cikinta shuɗi ne. Gigabait 100 na iya wucewa cikin ƙasa da rabin awa, a tsohuwar kafa kuwa sai ya kusa awa guda ko ya wuce.

Da an gama ɗauka ka zare shi. Manhajojin garkuwa da fayiloli, irin WannaCry da ta durƙusar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, suna kulle abin da suka tarar a jone.

Tambaya: Ɗaliba ce ni. Laftof ɗina mai faifai gigabait 500 ya yi nauyi, ina son in sa SSD mai 256. Hoton zai shiga? Abin da ke ciki bai wuce 120 ba.

Amsa: Shawara mai kyau kika yanke, 'yar'uwa, tsohon laftof ba abin da ke farfaɗo da shi kamar SSD. Sai dai Clonezilla da Rescuezilla girman ɓangaren faifai suke dubawa, ba yawan abin da ke ciki ba, kuma suna son wurin saukar ya kai na asali ko ya fi. Mafita biyu ce. Ko ki shiga Disk Management ki rage ɓangaren C ya koma ƙasa da 200 kafin a ɗauki hoto, wanda a wasu kwamfutocin yana buƙatar hannun gwani saboda ɓangaren ceto da ke zaune a ƙarshen faifan. Ko ki sayi SSD na kamfanin da ke ba da manhajar ƙaura kyauta: Samsung na da tata, Crucial da Western Digital suna ba da nau'in Acronis, kuma suna daidaita girman da kansu. Ta biyun ta fi sauƙi. Tsohon faifan kada ki goge shi sai sabon ya yi mako biyu yana aiki lafiya. Daga nan ki saya masa ɗan gida mai USB, ya zama faifan ajiyarki.

Tambaya: Ina da Google Drive. Bai wadatar ba?

Amsa: Ga takardu da hotuna masu muhimmanci ya yi daidai, har ma ya toshe ƙofar da faifan waje ya bari, wato gobara ko sata da za ta haɗa kwamfuta da faifan a ɗaki ɗaya. Amma na kyautar gigabait 15 ne, hoton Windows kaɗai ya fi haka, ga kuɗin data. Fayiloli a can, hoton faifai a gida.

Tambaya: An sace kwamfutata amma ina da hotonta. Zan iya juye shi a sabuwar da na saya, wadda ba kamfaninsu ɗaya ba?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, Malam. Wani lokaci yana yi, domin Windows 10 da 11 sukan nemo direbobi da kansu a tashin farko, amma ba abin dogaro ba ne. In tsohuwar da tsohon tsarin kunnawa na BIOS take tashi, sabuwar kuma da sabon tsari na UEFI, tana iya ƙin tashi sam. Lasisin Windows ma yakan ɗauru da uwar allon tsohuwar kwamfutar, sai ta nemi a sake kunna shi. Sannan in Windows 10 ce a hoton, ka tuna Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Da ni ne, sabuwar zan bari da Windows ɗinta, in buɗe hoton in ciro fayilolina kawai. Rescuezilla na da sashen leƙa cikin hoto don wannan.

Kafin komai ka duba ko tsohon faifan a kulle yake da BitLocker, makullin faifai na Windows, domin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. In haka ne, ba abin da zai buɗu sai da mabuɗin ceto mai lamba 48. Ka shiga asusunka na Microsoft ta waya, ka nemi sashen mabuɗan BitLocker, yawanci a can yake ajiye. Ka duba na sabuwar kwamfutar ma tun yau, ka rubuta shi a takarda, ka ajiye a wani wuri dabam da jakar laftof ɗin.