Amsa: Wa za a gaskata a rigimar masoya labarin zanen Transformers?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ita ce ka ga masoya Transformers suna ta cacar baki kan sabon labarin zanen da kamfanin Skybound ke fitarwa, wasu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu kuma na tsine masa saboda an kashe Bumblebee, ɗaya daga cikin fitattun jaruman labarin, tun a fitowar farko, kana so ka san wa ke da gaskiya kafin ka zuba kuɗinka. Kafin ka ɗauki maganar kowa, fara tambayarsa da wane zubi ya shigo harkar. Da zarar ya faɗa maka, ka riga ka san rabin ƙorafinsa.

Dalili kuwa shi ne labarin nan ba guda ɗaya ba ne. Hasbro na Amurka ne ke da haƙƙin mallaka, tare da Takara na Japan da ya fara ƙera waɗannan mutum-mutumi masu rikiɗa su koma mota ko jirgi, kuma lasisi yake ba kamfanonin ɗab'i. Marvel ya riƙe daga 1984 zuwa 1991, fitowa 80, alhali da farko huɗu kacal aka shirya yi. Dreamwave ya karɓa a 2002, ya durƙushe a farkon 2005 ya bar labaransa a rataye babu ƙarshe. IDW ya riƙe daga 2005 har ƙarshen 2022, sannan Skybound ya shigo a 2023. Duk wanda ya karɓa sai ya share allo ya fara daga tushe. Saboda haka Megatron (shugaban mugayen labarin, wato Decepticon) ɗin da wani ya shaƙu da shi shekara goma ba shi ne wanda ke cikin littafin yau ba, suna ne kawai ya haɗa su.

Maganar kashe Bumblebee ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Kisan fitattun jarumai tsohuwar al'ada ce a wannan gida, kuma asalinta ciniki ne. A fim ɗin 1986 an kashe Optimus Prime, shugaban ɓangaren nagari da ake kira Autobot, da tarin tsofaffin jarumai don a buɗe wa sababbin kayan wasa kasuwa, yara suka yi ta kuka a silima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, har sai da aka dawo da shi a talabijin. A fitowa ta 24 ta Marvel ma ya mutu, a kan wasan kwamfuta kuwa, abin da har gobe ake yi wa dariya. A ta 50 Starscream, ɗaya daga cikin mugayen, ya yi wa mutum-mutumi masu ɗimbin yawa kisan kiyashi, galibinsu waɗanda aka daina sayar da kayan wasansu. To abin da Daniel Warren Johnson, marubucin farko na labarin Skybound, ya yi a Oktoban 2023 ya fi waɗannan ma'ana. Bumblebee ya shafe shekaru shi ne ɗan lelen finafinai, kowa ya ɗauka ba a taɓa shi, sai marubucin ya kawar da shi a shafukan farko don mai karatu ya san babu wanda ya tsira. Wanda ya shigo ta ƙofar finafinan 2007 zuwa yau shi ya fi jin zafin abin, kuma ba a ga laifinsa ba, amma wannan zafin rai ne, ba aibin labari ba ne.

Inda rigimar take da nama shi ne tsakanin mutanen IDW da mutanen Skybound. A 2012 IDW ya yi abin da ba a saba ba: ya ce yaƙi ya ƙare, sai kuma me? Ya raba labarin gida biyu. John Barber ya ɗauki siyasar sake gina duniyarsu Cybertron a Robots in Disguise, James Roberts kuma ya ɗebi tarkacen mayaƙa ya zuba su a jirgin sama jannati a More Than Meets the Eye, wanda ya yi fitowa 57, aka ɗora da Lost Light mai 25. Labarin Roberts magana ce fal, da barkwanci, da ƙulle-ƙullen da zai dasa yau sai bayan shekara biyu ya warware. A nan ne a 2014 Megatron ya tuba ya rataya tambarin Autobot, lamarin da shi ma ya raba masoya biyu, wasu na ganin zurfin tunani ne, wasu na cewa wanda ya hallaka duniyoyi bai cancanci a wanke shi ba. Wannan zubi ya jawo sababbin masu karatu da yawa waɗanda ba ruwansu da kayan wasa. Su ne yau suke kallon Skybound suna cewa an koma gidan jiya, an dawo da faɗan 1984, Optimus nagari, Decepticon mugaye, sai naushi da harbi.

Akwai gaskiya a maganarsu, amma ba duka ba. Johnson mai zane ne kafin ya zama marubuci, kuma masoyin kokawar zamani ne, shi ya sa za ka ga Optimus ya sunkuci abokin gaba ya maka shi da ƙasa kamar a dandalin kokawa. Shafi guda na iya wucewa da kalma uku. Abin da Roberts zai faɗa a kumfar magana goma, shi da fuska da hannu yake faɗarsa, kamar inda Optimus ya taka barewa bisa kuskure a fitowa ta 2, ya tsaya yana kallon gawarta a tafinsa ya gane irin raunin halittun wannan duniya. Mai saurin karatu zai gama fitowa ɗaya cikin minti biyar ya ce an cuce shi. Wanda ya tsaya kan zanen ba zai faɗi haka ba. A 2024 labarin ya ci kyautar Eisner ta jerin da ya fi fice, Johnson kuma ya ci ta marubuci mai zane, kuma wannan kyauta ita ce mafi daraja a harkar labarin zane a Amurka.

Ƙorafin da ya kamata ka ɗauka da muhimmanci guda biyu ne. Na farko, zubar da jini. Tun a fitowar farko Starscream ya murƙushe ɗan'adam da hannunsa, kuma abin ƙaruwa yake yi, har wasu masoyan da suka yaba kashin farko suka fara cewa azabar ta yi yawa, ana kawo jarumi ne kawai don a yayyaga shi. In don ƙanenka ko ɗanka za ka saya saboda ya saba da katun, ka fara dubawa da kanka. Na biyu, canjin hannu. Johnson ya zana fitowa 6 na farko ne, daga ta 7 Jorge Corona ya karɓi zanen, shi kuma layinsa ya fi karkacewa da cunkoso, a fagen faɗa wani lokaci sai ka sake duba shafi kafin ka gane wa ya bugi wa. Daga ta 25 kuma Robert Kirkman, mai kamfanin, ya karɓi rubutun tare da mai zane Dan Mora. Saboda haka in wani ya ce maka labarin ya lalace ko ya gyaru, tambaye shi lambar fitowar da yake nufi.

Su ma mutanen IDW kada su cika baki. All Hail Megatron na 2008 ya sha suka don ya yi watsi da zaren da marubucin farko na IDW, Simon Furman, ya faro. Revolution na 2016 ya cusa G.I. Joe da Rom da sauran kayan Hasbro cikin labarin, da yawa suka ce an dagula musu miya. Sabon zubin Brian Ruckley na 2019 kuwa tafiyar hawainiya ce ta kashe masa kasuwa. Tun zamanin katun ɗin Beast Wars a 1996, da aka mai da shugaban jaruman goggon biri maimakon babbar mota, masoyan nan suke ihun an rusa musu abu, har ya zama abin da suke tsokanar kansu da shi.

Ga yadda za ka gwada da kuɗi kaɗan. Kada ka bi fitowar wata-wata, nemi kundi. Kundin Skybound na farko ya haɗa fitowa ta 1 zuwa 6, kuma ya isa ka yanke hukunci, ba sai ka san komai a baya ba. Amma ka lura, sunansa Robots in Disguise, daidai da sunan jerin Barber na 2012, kuma masu saye ta intanet suna yawan faɗawa wannan rami. Duba sunan Johnson da tambarin Image (kamfanin da ke buga wa Skybound) ko Skybound a bango. Void Rivals da labaran G.I. Joe duniya ɗaya suke da shi, amma ba dole ba ne a karanta su kafin a fahimci kundin farko. Haka kuma fitowa ɗaya takan zo da bango iri-iri, ciki kuwa ɗaya ne, don haka lamba za ka duba, ba hoton bango ba.

In kuma labari mai yawan zance da ƙulli kake so, fara da Last Stand of the Wreckers na 2010, fitowa 5 ne kawai, sai The Death of Optimus Prime na ƙarshen 2011, sannan More Than Meets the Eye. Idan ka kai ta 23 za ka ga labarin ya yi tsalle, domin Dark Cybertron ne, babi 12 da ke kaiwa da komowa tsakanin jerin biyu, sai ka nemi kundinsa na daban ka karanta kafin ka wuce ta 28. Matsalar wannan hanya ita ce IDW ya daina bugawa tun da lasisi ya bar hannunsa, galibi sai na hannu za ka samu, kuma masu sayarwa sun san haka, suna tsawwala kuɗi musamman kan manyan kundaye masu bango mai kauri.