Rediyon mota ya ƙi zama a dashbod, kwastoma na dawowa da faɗa: me zan yi da kuɗin adashena?

Wani ɗan'uwa mai shago a Agege, Legas, ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina sayar da rediyon mota da sifiku, daga kasuwar Alaba nake sarowa. In na sayar, mai mota sai ya kai wa mai wayarin ya ɗaura masa, bayan kwana biyu ya dawo min da faɗa, wai rediyon ya turo waje, ko an bar rami gefe da gefe. Kwanan nan mutum biyu na mayar wa kuɗinsu. Yanzu ɗaukar adashe ta zo kaina, naira miliyan ɗaya da rabi. In ƙaro rediyo masu allo, ko in ɗauki yaron da zai riƙa ɗaurawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Shawarata ita ce ka koma sayar da rediyo a ɗaure. Mutumin da ya tsaya ƙofar shagonka da tsohuwar Camry, burinsa ya kunna mota ya ga allon ya kwanta lif kamar daga kamfani ta zo da shi. Tunda kai ake kawo wa ƙara in aikin ya lalace, gara ya zama kai ke karɓar kuɗin aikin. A yanzu wani ke cin ladan ɗauri, kai kana shan zagi.

Kafin lissafin kuɗi sai ka san abin da ke hana rediyo zama, don jarin da za ka zuba a nan ya dogara.

Rediyon kasuwa yana da ma'auni da aka samo daga Jamus, wanda ake kira DIN. Mai hawa ɗaya faɗinsa milimita 180, tsayinsa 50. Mai hawa biyu faɗin bai canja ba, tsayin ne ya koma 100. To amma yawancin motocin Toyota raminsu ya kai milimita 200, shi ya sa in aka zura rediyon kasuwa sai ka ga kusan santimita guda ta rage ta kowane gefe. Wannan ramin da ake kuka da shi, 'yan robobi biyu na gefe ko firam na wannan motar (robar fuska mai zagaye rediyon) ne maganinsa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da rediyon kansa. Shi kuwa zurfi, ma'aunin bai ƙayyade shi ba. Wani lokaci ma rediyon ba shi da laifi: yaro ne ya dunƙule wayoyi ya cusa a bayansa, suka tokare shi.

Turowar baki kuma sau da yawa daga kejin ƙarfen da ke zuwa cikin kwali take. In aka yi amfani da shi, bakin rediyon kan ɗan fito ya zauna bisa dashbod. A motocin Japan da dama hanya mafi kyau ita ce a zare kejin, a kwance ƙarafan gefe na tsohon rediyon motar a mayar jikin sabon. Jikin rediyon na da huji fiye da ɗaya, sai a gwada har fuskar ta yi daidai da firam kafin a ɗaure sosai. A kula da tsawon sukuru, don mai tsawo yakan shige ya taɓa kayan ciki, rediyo ya mutu, kuma wanda ka saya wurinsa a Alaba ba zai karɓa ba.

Yanzu kuɗin. In ni ne, ba zan zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku a rediyo ba. Masu allon nan na Android kaya ne masu saurin tsufa. Wanda ake rububinsa bana, baɗi an kawo mai ƙwaƙwalwa fiye da shi, naka ya zama kwantai. Ajiye kala biyu ko uku da ka yarda da su, sauran ka karɓi kafin alƙalami ka saro. Na san tafiya daga Agege zuwa Ojo, inda kasuwar Alaba take, tana cin yini in gosulo ya kama ka, don haka ka nemi mutum ɗaya amintacce a kasuwar da zai riƙa aiko maka da ɗan aike.

Firam da soket kuwa ba sa tsufa muddin motar na kan titi. Tsaya bakin hanya rabin awa ka ƙirga abin da ke wucewa, za ka ga iri nawa ne ke maimaituwa: Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake ce wa Big Daddy, ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle, sai Sienna da Highlander. Ka fara da firam na mota biyar ko shida, kowace da soket ɗinta wanda ke shiga wayar motar kai tsaye ba tare da an yanka komai ba. Kada ka yi kwaɗayin tara na kowace mota. Wadda ba ta cikin jerinka, mai ita ya ba da kuɗi a nemo. In fuskar dashbod ta riga ta fashe, a kasuwar kayan mota ta Ladipo za ka samu ta tokumbo.

Akwai motar da zan ja maka kunne a kanta: Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda 'yan Legas ke kira End of Discussion, ta 2006 da 2007 kuma Discussion Continues. Rediyonta da maɓallan sanyi a haɗe suke wuri guda. Wanda bai sani ba sai ya cire rediyo, sanyi ya ɗauke, a zafin Legas kuwa ka san irin faɗan da zai biyo baya. Ko dai a bar na asalin a sa sabon a aljihun ƙasa, ko a sayi firam na musamman mai ɗauke da nasa maɓallan. Kuɗin aikinta daban ne, in kuma yaronka bai taɓa yi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka ma motar da ta zo da sifikun JBL, tana da amfilifaya a ɓoye da sai an haɗa ta daidai sauti zai fito.

Batun yaro, kada ka fara da albashi. Ka yi yarjejeniya da mai wayarin da ya iya, a biya shi a kan kowace mota, kuma ka riƙe wani abu daga ladansa har mako ya zagayo ba a dawo da ƙorafi ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ba shi mota ka tsaya kana kallo: ya cire kan batir kafin ya fara? Da me ya ɓalle dashbod, da robar ɓallewa ko da sukundireba? Robar motar da ta shekara ashirin tana shan rana ta bushe, ƙarfe na taɓa ta take karyewa. Sannan tambaye shi bambancin jar waya da rawaya. Rawaya daga batir take kai tsaye, ja sai an murɗa makulli take kawo wuta. Mai haɗe su wuri ɗaya don ya huta, shi ne ke sa mai mota ya wayi gari batir ya mutu. Kayan aikin, da mitar gwada wuta da robobin ɓallewa da abin liƙa waya, kai za ka saya, su zauna a shago ko da yaron ya tafi.

Rasit ɗinka ya zama layi uku: rediyo, firam da soket, kuɗin aiki. Mutanenmu na son ragi, to a yi cinikin a kan rediyo, kuɗin aiki ya tsaya. Wanda ya zo da nasa rediyon daga waje ka ɗaura masa, amma ka rubuta cewa garantinka kan ɗauri ne kawai. Kafin a taɓa mota ku zagaya tare da mai ita, a kunna sanyi, a danna hon da maɓallan sitiyari, a duba fitilun gargaɗi, ka ɗauka a waya. Tsohuwar mota da ciwonta take zuwa, kuma akwai mai son ya jingina maka shi.

Farashi kuma, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ka ga yadda kayan waje ke motsi. Ka sa kuɗi bisa abin da za ka biya ka maye gurbin kayan yau, ka manta da yadda ka saro su wata huɗu baya. Ka bar aƙalla naira dubu ɗari uku a gefe ba ka taɓa ba, don ranar da firam zai karye a hannun yaronka ko allo ya mutu cikin garanti.

Kwastomomin farko suna kusa da kai: direbobin Bolt da Uber masu neman taswira da kyamarar baya, da dillalan mota masu son gyara fuskar tokumbo kafin su sa ta kasuwa. Kowace mota aka gama ka ɗauki hoton dashbod ɗinta ta gaba da ta gefe, don ta gefen ce ke nuna rediyon bai turo ba, ka ɗora a WhatsApp. Bayan wata uku ka aiko min da yawan motocin da kuka ɗaura da waɗanda suka dawo, mu duba ko lokacin albashi ya yi.