Me ya haɗa kwalba da shan kunya? Asalin kalmar "fiasco"

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da kalmar "fiasco" a jaridun Turanci. Ɗaya take da "failure"? Kuma daga ina ta fito? Ɗalibarku ce daga Zariya.

Amsa: Malama, na ji daɗin tambayar nan, domin kalma ce da masu fassara kan yi wa riƙon sakainar kashi. Ana furta ta "fiyasko", kuma ba ɗaya suke da "failure" ba. Yaron da ya faɗi jarrabawa ya gaza, shi ke nan. Amma a ce an tara ɗalibai tun da sassafe, takardu ba su iso ba, mabuɗin aji ya ɓata, aka watse kowa yana kallo, to wannan ne "fiasco". Sai an ci wa abu buri, an yi shela, sannan ya wargaje a bainar jama'a.

Asalinta Italiyanci ne, kuma ma'anarta a can kwalba, musamman mai ƙaton ciki da ake saƙa wa rigar ciyawa, irin ta giyar yankin Tuskani. Tushensu ɗaya da "flask", wato filas ɗin da muke zuba shayi. 'Yan wasan dandamali na Italiya ne suka riƙa cewa "far fiasco", wai mutum "ya yi kwalba", idan waƙa ko wasa ya kwaɓe masa a gaban 'yan kallo. A tsakiyar ƙarni na 19 Turanci ya are ta.

Za ki ji ana cewa masu hura gilashi a birnin Benis na Italiya ne ke mayar da aikin da ya lalace kwalba, wai daga nan wannan magana ta samo asali. Labari ne mai daɗin ji, amma ba shi da hujja a rubuce, don haka kada ki kafa shi a jarrabawa.

Misalin da aka fi jinginawa da kalmar shi ne na Afrilun 1961, zamanin Shugaba Kennedy na Amurka, lokacin da 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta horar suka sauka gaɓar ƙasarsu don kifar da jagoranta, Fidel Castro. Cikin kwana uku aka murƙushe su, Amurka ta sha kunya a idon duniya.

In za ki fassara ta, "gazawa" ta yi mata kaɗan. In taro ne, ki ce an tashi baram-baram. In shiri ne, ki ce kwaɓa ta yi ruwa.