Guringuntsin girma da karkacewar ƙashin baya

Malam, ka tambaya daga ƙauyenku a yankin Ringim ko lalacewar guringuntsin girma (wato guringuntsin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo daga gare shi) ce ke karkatar da bayan ɗanka. Masu bincike sun gwada hakan a kan 'yan aladu da zomaye masu tasowa. Idan aka lalata guringuntsin gefe ɗaya na gaɓoɓin ƙashin baya, gefen yakan daina girma alhali ɗayan yana ci gaba, sai bayan ya karkace har ya murɗe. A 'yan awaki kuwa ɗaure gefe ɗaya aka yi, domin matsi yana rage saurin girman ƙashi. Sai dai dabba mai ƙafa huɗu ba mutum ba ce, don haka ina roƙonka ka kai yaron Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hotonsa tun bai gama tsawo ba.