Yaya zan gane shekarar da aka ɗauki tsohon hoton titi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gaji wasu tsofaffin hotuna daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yawancinsu na tituna ne da motoci da jama'a suna kai-komo, kuma babu kwanan wata a jikinsu. Akwai hanyar da zan bi in gane lokacin da aka ɗauke su?

Amsa: Amin, Allah ya yi masa rahama. Hanya akwai, ɗan'uwa, kuma ka yi sa'a da hotunan na titi ne, domin titi ya fi ɗaki yawan shaidu.

Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe: ka nemi abin da ya fi komai sabunta a hoton, ba wanda ya fi tsufa ba. Ido yakan tafi kan tsohuwar mota, mutum ya yanke hukunci nan take. Amma mota tana iya shekara ashirin tana yawo bayan an ƙera ta. Wadda ba a ƙera ba tukuna kuwa, ba za ta shiga hoto ba. Saboda haka in ka hango Peugeot 504 ko da a can ƙuryar hoton ne, ka san ba a ɗauke shi kafin 1968 ba, ko da duk sauran motocin tsofaffi ne. Ita 404 ta fito a 1960.

Volkswagen Beetle ta fi kowace mota taimako a wannan aiki, don ta bazu ko'ina kuma gilashinta na baya ya sha canzawa. Har zuwa 1953 a rabe yake gida biyu. Daga nan ya koma guda ɗaya mai siffar ƙwai, sai a 1957 aka faɗaɗa shi. Ka samo gilashin ƙara girma ka bi motocin ɗaya bayan ɗaya, har da lambobinsu. A Birtaniya, alal misali, daga 1963 aka fara sa harafi a ƙarshen lamba mai nuna shekarar rajista.

Sannan ka duba hannun da ake tuƙi, wato gefen titin da motoci ke bi. Sweden ta koma hannun dama ranar 3 ga Satumba 1967, Najeriya a 1972, Ghana a 1974. Amma a nan sai ka yi hattara: in mai wanke hoto ya kifa fim ɗin, komai zai fito a juye. Ka karanta rubutun allunan shaguna tukuna. In rubutun daidai yake, to hannun ma daidai ne.

Abin da ya ɓace ma shaida ne, shi kuma yana ba ka iyakar ƙarshe. Tsofaffin jiragen ƙasa masu bin tsakiyar titunan Landan sun daina aiki a Yulin 1952, don haka hoton da suke ciki ɗauke da fasinja bai wuce wannan shekarar ba. Haka gadar da aka rushe ko ginin da aka sauya wa fasali.

Kada baƙi-da-fari ya ruɗe ka. Fim mai launi na Kodachrome ya fito tun 1935, amma mutane sun ci gaba da ɗaukar baƙi-da-fari shekaru masu yawa saboda ya fi araha. Kwanan watan da wani lokaci ake bugawa a gefen takarda kuma na ranar wanki ne, ba na ranar ɗauka ba, kuma fim yakan daɗe a cikin kyamara.

Da wuya ka sami shekara guda cif. In ka iya cewa tsakanin 1968 da 1972 ne, ka yi aiki mai kyau. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne dattawan da suka san waɗannan tituna suna ƙarewa. Ka kai musu hotunan tun suna raye, ka rubuta abin da suka faɗa a bayan kowanne da fensir mai laushi. Ka guji biro, domin tawadarsa tana ratsa takarda ta ɓata hoton.