Tambaya da Amsa: Wace na'ura zan saya wa jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi. Ɗana yana karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma na yi niyyar taimaka wa ɗakin gwajinsu saboda Allah. Wace na'ura ta fi dacewa in saya musu?
Alhaji, unguwar Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya karɓa. Amma ranka ya daɗe, kafin ka kwance bakin jaka, ka je wurin shugaban sashen ka tambaye shi: wa zai riƙe na'urar, kuma wa zai biya shi? Da ni ne, a kan ma'aikacin da zai riƙe ta zan zuba kuɗin.

Aikin labo, wato ɗakin gwaji, na yi har na yi ritaya. Kafin ɗalibi ya leƙa dutse a madubin ƙara girma, sai an yanka dutsen, an manna shi a gilashi, an yi ta goga har kaurinsa ya koma milimita 0.03. Hannu ya ɗan zarce, dutsen ya cinye, sai a koma farko. Ba a iya wannan a wata ɗaya, kuma malamin da darasi da gyaran takardu suka sha wa kai ba shi da lokacinsa. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu, ga wuta da kan ɗauke ana tsakiyar awo. Dole a sami mai kwana da tashi da waɗannan kaya.

Masu tallafi daga waje kuwa ƙarfe suka fi son saye, don shi ake ɗauka a hoto. Ranar da tallafin ya ƙare, kwangilar ma'aikacin ta ƙare, kamfanin haƙar ma'adinai ya ɗauke shi, a lulluɓe na'ura da leda.

Awon ruwan sha ma sai da ƙwararren ma'aikaci. Ba mu manta Tibiri da ke kusa da Maradi ba, inda yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ce a lita. Abin auna shi ba wani tsada ne da shi ba, amma in ba a daidaita shi da ruwan da aka riga aka san yawan fuloraid ɗinsa kafin awo ba, lambar ƙarya zai bayar.

Don haka ka nemi yarjejeniya a rubuce: kai ka ɗauki albashi da horon ma'aikaci ɗaya na wasu shekaru, jami'a ta yi alkawarin riƙe shi bayan nan. Kuɗin da masu haƙar rijiyar burtsatse za su biya na gwajin ruwa a ware shi don sinadarai da gyara.